Sababbin malamai ba sa zama a makarantarmu, na ƙarshensu ma yana shirin tafiya

Assalamu alaikum, Baba. Ni shugaban wata makarantar firamare ta gwamnati ne a wani ƙauye na bakin fadama a masarautar Argungu, shekarata tara a kan kujerar. Cikin shekara uku an turo mana sababbin malamai biyar, huɗu sun tafi: biyu sun nemi canji zuwa gari, ɗaya ya koma sana'ar POS, ɗaya kuma ta yi aure ba ta dawo ba. Wanda ya rage yaro ne mai takardar NCE, ya iya lissafi, ɗalibai suna son sa. Da ya zo muka ba shi aji na biyu mai yara 94, domin babu wanda ya yarda ya ɗauka cikin tsofaffin malamai. Daga gari yake zuwa a kabu-kabu, kuma sai da ya yi wata huɗu kafin albashinsa ya fara shiga. A zangon da ya wuce mataimakina ya yi masa faɗa a gaban yara saboda bai rufe rajista ba. Tun daga nan ya canza: Litinin ya makara, Juma'a ba ya zuwa, ya daina zama da mu a ofis, har na ji yana neman aiki a wani kamfanin shinkafa. Mataimakina ya ce in ba shi takardar tuhuma in kai ƙararsa wurin sakataren ilimi. Na rubuta takardar, amma mako biyu ke nan tana aljihun teburina na kasa miƙa masa. Raina ya ɓaci, domin mu a zamaninmu babu wanda ya lallashe mu. Ga shi an ce zango mai zuwa za a turo mana wata sabuwar malama. Ku ba ni shawara.

Wani shugaban makaranta, Jihar Kebbi

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malam. Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne takardar nan da ta yi mako biyu kwance a aljihun tebur. Shugaban da ya zauna ya rubuta tuhuma, sannan hannunsa ya yi nauyi wajen miƙa ta, ya riga ya san a zuciyarsa cewa da sauran magana. Saboda haka shawarata ta farko ita ce ka bar ta inda take tukuna. Ban ce ka yaga ta ba, domin tana iya yin rana, amma ranarta ba ta zo ba.

Ɓacin ranka yana da hujja, ba zan rage masa komai ba. Duk Juma'ar da malamin nan bai zo ba, yara 94 ne ke zaune babu mai koya musu, kuma kai za a tambaya, a ofishin ƙaramar hukuma da kuma gaban Allah. Wanda ya karɓi albashin aiki ya ɗauki amana, ƙuruciya ko talauci ba sa sauke masa ita. Sai dai ka dubi lissafin da ka kawo da kanka: biyar aka turo, huɗu sun tafi, na biyar yana kallon ƙofa. Da mutum ɗaya ne ya tafi, da sai mu ce halinsa ne. Idan kuwa mutum biyar masu hali daban-daban suka bi hanya ɗaya, to ruwa ba ya tsami banza, dole a duba wurin da suke bari.

Ka ce ku a zamaninku babu wanda ya lallashe ku. Ina roƙonka ka sake tunawa da kyau. Ni an fara tura ni koyarwa a farkon shekarun 1980, lokacin Kebbi tana cikin tsohuwar Jihar Sakkwato, ana ta buɗe makarantu a ƙauyuka bayan shirin ilimin firamare kyauta na 1976. Na sauka daga motar kasuwa da akwatin ƙarfe da tabarma, ban san kowa ba. Kafin magariba hakimin garin ya sa an share mini ɗaki a gefen zaurensa, kuma kusan wata guda akushin tuwo bai daina zuwa ba. Akwai wani dattijon malami da yake kira na bayan sallar isha'i, mu zauna gaban fitilar ƙwai, ya ɗauki jan biro yana bin shirin darasina layi-layi. Inda na rubuta abin da ɗan shekara bakwai ba zai gane ba, sai ya ja layi ya ce in faɗa masa da baki yadda zan faɗa wa ƙanina, in na faɗa ya ce to haka za ka rubuta. Bai taɓa gyara ni a gaban yara ba. Ba mu kira wannan lallashi ba a lokacin, amma shi ya riƙe ni har na cika shekara 35 a aikin. Na tabbata idan ka yi shiru ka yi tunani, kai ma za ka tuna da wanda ya yi maka irin wannan, sannan ka tambayi kanka ko akwai wanda ya yi wa waɗannan mutum biyar.

Akwai abubuwan da suka fi ƙarfinka, gara mu ambace su don kada ka ɗora wa kanka ko shi laifinsu. Kafin a cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ana sayar da lita ƙasa da naira 200 a farashin gwamnati, zuwa ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000, kuɗin kabu-kabu kuwa ya bi bayanta. An ɗaga mafi ƙarancin albashi na ƙasa zuwa naira 70,000 a Yulin 2024, amma mai zuwa aiki a babur kullum ya san inda ƙarin ya shige. Ka tambaye shi nawa yake biya zuwa da dawowa, ka ninka sau ashirin, ka cire daga albashinsa, sannan ka tuna cewa har yanzu yana biyan bashin da ya ci a wata huɗun da ya yi babu ko sisi. Ina kyautata zaton a nan za ka gano sirrin Juma'a: rana ce da ake tashi da wuri, amma ɗan kabu-kabu ba ya rage ko kwabo saboda haka, don haka wanda aljihunsa ya kasa kai shi kwana biyar, ita zai fara yankewa. Wannan bai halatta masa fashi ba, sai dai maganin mai fashi don lalaci daban yake da maganin mai fashi don rashin kuɗin hanya, kuma ba za ka san wanda ke gabanka ba sai ka tambaya.

Ga kuma tsoro. Bayan sace ɗaliban da aka yi a Birnin Yauri a Yunin 2021, da na Maga a Nuwamban 2025 inda aka kashe mataimakin shugaban makaranta aka kwashe 'yan mata, ko da yankinku lafiya lau ne, iyayen matashin da ke gari suna jin labarai, kuma sau da yawa su ne ke matsa masa ya nemi canji. Dokar 2022 da ta kai ritayar malamai shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki alheri ce ga waɗanda suka daɗe, amma mai shekarar farko bai ga komai a cikinta ba tukuna. Jinkirin albashin sababbin ɗauka da alawus na ƙauye ku kai kokensu a rubuce ta hannun reshen ƙungiyar malamai ta NUT na ƙaramar hukumarku, musamman da yake gwamnan jihar, Nasir Idris, tsohon shugaban ƙungiyar ne na ƙasa, ba baƙo ba ne ga irin wannan kuka.

Yanzu mu shigo cikin shingen makarantarka, inda maganarka ke da ƙarfi. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, ke nan kun miƙa wa wanda bai taɓa riƙe aji ba abin da ya kusa aji uku, kuma ba kowane aji ba, na biyu, inda yaro ke kama karatu ko ya kuɓuce masa. Dalilin da ka bayar shi ne tsofaffin sun ƙi. Malam, wannan ita ce ɓarakar da ta fi girma a wasiƙarka, kuma al'ada ce da ta zama ruwan dare a makarantunmu: kaya mafi nauyi a kan wuya mafi laushi. A Ingila tun Satumbar 2021 shekara biyu ake yi ana rainon sabon malami, a rage masa kashi 10 cikin 100 na lokutan koyarwa a shekarar farko, kashi 5 a ta biyu, a kuma haɗa shi da gogaggen malami mai duba shi. Ba ka da kuɗin Ingila, amma jadawalin darussa a hannunka yake. Tunda ya iya lissafi, ka ba shi lissafin aji huɗu da biyar da shida, inda zai ga amfanin kansa, ka mayar da aji na biyu ga wanda ya daɗe yana koyar da baƙaƙe. Idan malamanka ba su kai a yi haka ba, ka raba ajin gida biyu ko da rabin zai zauna a inuwar bishiya, ko kuma wani tsohon hannu ya riƙa karɓar masa darasin karatu na safe kullum. Tsofaffin za su yi gunaguni, kuma hanyar da na sani ta kashe wannan gunagunin ita ce kai da kanka ka ɗauki darasi uku ko huɗu a mako a ajin da kowa ke gudu. Idan hedimasta ya shiga da allinsa, da wuya wani ya ce ya fi ƙarfin shiga. Sannan a taron malamai ku tsayar da ƙa'ida cewa aji mai wahala zagayawa zai riƙa yi shekara-shekara, kuma sabon zuwa ba ya cikin zagayen a shekararsa ta farko.

Mataimakinka ma yana da nasa haƙƙin a duba shi. Wataƙila ya yi shekaru yana jiran ƙarin girma, yana ganin matasa suna zuwa suna tafiya shi yana nan, kuma a kan rajista yana da gaskiya, domin ita mai duba makarantu zai fara buɗewa. Inda ya yi kuskure shi ne wurin da ya yi faɗan. Malamin da aka tsawata wa gaban 'yan shekara bakwai, washegari da wace fuska zai ce musu su yi shiru? Ka kuma tuna cewa rufe rajista, wato ƙirga zuwan safe da na rana, a haɗa na maza da na mata, a fitar da jimlar mako ranar Juma'a, aiki ne da mutum ke iya gama kwalejin ilimi bai taɓa yin sa da hannunsa ba, balle rajista mai sunaye 94. Ka kira mataimakin ku biyu kaɗai, ka fara da yaba masa tsayuwarsa a kan aiki, sannan ka gaya masa cewa daga yau babu malamin da za a gyara a gaban ɗalibai, kowane ne shi. Kada ka tilasta masa ba da haƙuri a bainar jama'a, domin dattijo ba zai ji daɗin haka ba kuma gaba za ta ƙaru. Ka roƙe shi ya kira matashin ofis ya zauna da shi su rufe rajistar mako ɗaya tare. Duk wanda ya san mutanenmu ya san wannan zaman ban haƙuri ne, ko ba a furta kalmar ba.

Shi kuwa malamin, kada ka kira shi ofis ya tsaya gaban teburinka. Ka same shi bayan an tashi, ku zauna a inuwa, ko ka kai masa ziyara gida idan ka shiga gari, domin shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Na lura ka kira shi yaro a wasiƙarka. A gabansa da gaban kowa ka kira shi Malam, saboda irin wannan ƙaramin abu yana da nauyi ƙwarai a wurin mai sabon aiki. Ka ce masa ka san kun ɗora masa kaya mai nauyi, kuma abin da ya faru gaban yara bai kamata ba, sannan ka ce kana so ka ji daga bakinsa abin da ya fi damun sa. Daga nan ka yi shiru. Zai fara da cewa babu komai, ka ba shi lokaci, kada ka cike masa shirun da wa'azi ko labarin wahalar da ka sha. Bayan ya gama, ka faɗa masa abin da za ka canza da ranar da za ka canza shi, sannan ka faɗa masa naka sharaɗin ba tare da kwana-kwana ba: kwana biyar a mako, a kan lokaci, kuma idan uzuri ya taso ya buga maka waya tun da safe. Ka sanar da shi cewa ka rubuta tuhuma ka riƙe, kuma za ku sake zama bayan mako huɗu. A ƙa'idar aikin gwamnati shekara biyu na farko na gwaji ne kafin a tabbatar da ma'aikaci, don haka takarda irin wannan a fayil ɗinsa tana iya bin sa nesa, shi ma ya san haka. Idan ka cika alkawarinka shi bai cika nasa ba, to ka miƙa masa takardar da zuciya ɗaya, domin a lokacin haƙƙin yara ne kake karewa.

Ka nema masa wanda zai jingina da shi. Ba lallai ne ya zama wanda ya fi kowa daɗewa ba, a'a, wanda ya fi haƙuri da iya bakinsa, kuma idan da hali mai koyar da darasi irin nasa. Rabin awa a mako ya isa, amma a sa shi cikin jadawali don kada ya zama sai an ga dama. Wani mako sabon ya zauna a bayan ajin tsohon ya ga yadda ake tsayar da hayaniya ba tare da bulala ba, wani mako tsohon ya zauna a nasa, bayan an tashi ya gaya masa abu biyu da ya yi daidai da abu ɗaya da zai gyara. Abin da aka faɗa a wannan zama kada ya iso teburinka a matsayin rahoto, in ba haka ba ba zai sake buɗe cikinsa ba. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin a makarantar allo ma ba a sakar wa gardi almajirai a juya masa baya. Yana biya wa ƙanana karatu, alaramma na gefe yana saurare.

Maganar kuɗin hanya ba za ta warware a ofishinka ba, a zauren hakimi za ta warware. Ka tara kwamitin al'umma mai kula da makaranta, wato SBMC, da ƙungiyar iyaye da malamai, ka gaya musu ƙiri-ƙiri cewa garin ya rasa malamai huɗu a shekara uku, kuma ɗaki ɗaya mai ƙofa da makulli zai iya hana na biyar tafiya. Idan ya kwana a garin daga Litinin zuwa Juma'a, zuwa ɗaya da komawa ɗaya zai biya a mako maimakon biyar-biyar. Ku mutanen fadama ne, idan aka ara masa 'yar gona ya yi noman rani bayan an tashi daga makaranta, buhunan shinkafar da zai samu za su ɗaure shi da garin fiye da duk wata nasiha. Ku sa shi cikin adashin malamai ku ba shi ɗauka ta farko ko ta biyu ya rage bashi. Ka ɗauki takardunsa da hannunka ka bi masa bashin albashin wata huɗun nan a ofishin sakataren ilimi, domin zuwan da za ka yi don nema masa haƙƙi zai fi amfani da zuwan kai ƙara. Ka kuma tambaye shi ko ya yi rajista da hukumar rajistar malamai ta TRCN, da ko yana da niyyar ƙaro karatu zuwa digiri ta hanyar karatun hutu, ka nuna masa za ka sa hannu a takardarsa. Matashi yana son ya hango inda aikin zai kai shi nan da shekara biyar.

Duk da haka yana iya tafiya, ka shirya wa hakan. Idan kamfanin ya ba shi abin da zai riƙe iyayensa da shi, ba ka da ikon ce masa ya ƙi, kuma ba butulci ya yi ba. Ka roƙe shi ya kammala zangon, ya miƙa aiki yadda ya kamata, ka yi masa kyakkyawar shaida. Sauran huɗun ma ka neme su a waya, ka gaishe su, ka tambaye su abin da da an yi shi da sun zauna. Yanzu da ba sa ƙarƙashinka za su gaya maka abin da ba za su iya faɗa ba a da, kuma wani abin zai yi ɗaci, ka daure ka rubuta shi.

Wadda ka ce ta yi aure ba ta dawo ba ta tsaya mini a rai, domin aure shi kaɗai ba ya raba mace da koyarwa. Sau da yawa babu wanda ya zauna da ita da mijinta aka nemi mafita. Tunda wata na tafe, ka fara shiri tun yau. Ka nema mata masauki a gidan mutunci inda akwai dattijuwar da za ta zame mata uwa, ka tabbatar makarantar tana da makewayi mai ƙofa wanda mace za ta iya shiga, ka kuma yi magana da mahaifinta ko mijinta kafin ta zo don hankalinsu ya kwanta. Nana Asma'u 'yar Shehu, da take tura malamai mata da ake kira jaji ƙauyuka su koyar da mata, sai da ta karantar da su, ta naɗa musu malfa don kowa ya san da izini suka zo, kuma suna komowa wurinta su ƙaro ilimi. Malamar da za ta zo muku tana bukatar irin wannan martaba a idon gari, musamman da yake ganinta ne zai sa wasu iyaye su bar 'ya'yansu mata su kai aji shida. Ranar da ta iso ka gabatar da ita a taron safe da cikakken sunanta, ka kai ta ta gaida hakimi da liman da matan kwamiti, makon farko ka bar ta ta zagaya azuzuwa tana kallo kafin ka miƙa mata nata, kuma wadda ko wanda zai riƙa duba ta ya kasance an zaɓe shi tun kafin ta sauka daga mota.

Ka fara da zaman nan da malamin lissafi a cikin makon nan, kafin kamfanin ya kira shi. Idan zango ya ƙare ka sake rubuto mini, ina so in ji wanda ya ɗauki aji na biyu, da kuma ko an sami ɗakin. Allah ya taimake ka a kan wannan amana, ya yi wa yaran garinku albarka.